Ni Ce Mai Hangen Da Mijina Yake Yi Wa Allah Ya Isa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Anti mai wannan shafi, ina gaishe ki da ƙoƙari, ina gaida iyayena da yayyena da ƙannena masu karatu, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Don girman Allah ki cire sunana da lambata kafin ki saka wannan saƙo. Ku kuma masu sharhi, na san halinku, don ni ma na sha sa baki a matsalar wasu ina daga kwance ina taunar gyaɗa. Ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. Babu sunan da za ku kira ni da shi wanda ban riga na kira kaina da shi a kan sallaya ba.

Ni 'yar Ikara ce, aure ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Kudan. Maigidana manomi ne, yana noman masara da damina, yana kuma da fadamar rake da ya gada daga mahaifinsa. Ba wanda ya tilasta mini shi, ni na gani na ce ina so. Tun ina sakandare ni mayyar littattafan soyayya ce, na haya da na aro da na cikin waya, babu wanda ya wuce ni. A cikinsu kuwa namijin da ya fi tafiya da hankalina shi ne miskili, wanda ba ya magana, yana ɗaure fuska, amma ranar da ya buɗe baki sai kalamai su zubo har yarinya ta rasa inda za ta sa kanta. Da na ga wannan bawan Allah yana zuwa zance ya zauna a kan babur ɗinsa, ya gaishe ni, ya tambayi su Baba, sannan ya yi shiru yana kallon ƙasa har a kira sallah, sai na ce a raina, shi ke nan, Allah ya kawo mini nawa miskilin. Na ɗauka kalaman suna nan a ajiye, aure kawai suke jira. Aka yi aure, na jira. Shekara ta zagayo, na jira. Wallahi bai taɓa barina da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma maganarsa a gida ba ta wuce, "Amarya, sannu da gida," da "Akwai ruwan wanka?" Har yau Amarya yake ce mini, ni kuma ina ce masa Yaya. In yi kwalliya, in yi turare, in zauna kusa da shi, sai ya ce, "Yau taki ya ƙara kuɗi." Wace mace ce za ta ji daɗin haka?

Sai kwatsam na ga ya canza. Mutumin da waya ba ta dame shi ba ya koma kullum tana hannunsa, yana murmushi shi kaɗai, wani lokaci har ya buga cinya. Zuciyata ta ce budurwa ce. Na yi kuka na ƙoshi, na shirya kalaman da zan faɗa masa, irin waɗanda ake faɗa a littafi ana juya baya hawaye na zuba. Wata rana ya shiga wanka ya bar wayar a kan tabarma, na ɗauka na duba. Ban ga mace ko ɗaya ba. Guruf ne na wasu manoma da 'yan kasuwa na Kudan da Maƙarfi masu harkar kirifto, kuɗin nan na intanet da ake saye ana sayarwa a waya. Ashe zanen farashi ne yake sa shi murmushi, kore in ya hau, ja in ya sauka. Ku yarda da ni, da budurwar na gani da ya fi mini sauƙi. A cikin guruf ɗin mijina yana zuba magana kamar ba shi ba, yana tsokanar mutane, yana dariya a rubuce. Ashe yana da baki. Ni ce dai ban samu ba.

Abin da bai sani ba shi ne na riga shi sanin harkar. Lokacin da aka yi yayin danne-dannen waya ana cewa za a fashe da kuɗi, wata ƙawata da ke karatu a Zariya ta saka ni a guruf ɗin mata. Su suka watse da abin bai fashe ba, ni kuma karatun ya riƙe ni, don ni duk abin da aka rubuta sai na bi shi har ƙarshe. Ina da ɗan Turancina na makaranta, ina kallon bidiyon masu koyarwa in na samu data. A nan na koyi abin da suke kira bin sawun manya. Wato akwai manyan kamfanoni na ƙasashen waje masu juya dukiyar da hankali ba ya ɗauka, kuma akwai shafukan da ke nuna motsin kuɗinsu. Idan aka ga kuɗi yana ta shiga asusun da suke saye da shi, galibi farashi yana hawa. Idan aka ga yana fita, sai a yi hattara. Ƙananan mutane irinmu ba mu ke juya kasuwar ba, mu dai mu leƙa mu ga ina manya suka nufa mu bi bayansu. Ban taɓa saka ko sisina ba, ba ni da shi ma. Ina dai karantawa kamar labari, ina cewa gobe zai hau, in wayi gari in ga ya hau, in yi murna ni kaɗai a kicin.

Da na zama mace mai hankali, da sai in same shi in ce, Yaya, ni ma na san abin nan, zo mu duba tare. Na yi tunanin haka. Amma na san amsar, zai ce, "To, madalla," ya ci gaba da danna wayarsa. Ni kuma ba madalla nake nema ba, wancan mutumin na cikin guruf nake so, mai dariya da tsokana. Ina da wani tsohon layi tun na makaranta da bai san da shi ba, da tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi. Na yi mata caji, na ɓoye ta cikin samirar jerena a saman kabad. Wata rana da hantsi yana gona na rubuta masa, "Salamu alaikum Alhaji. Kada ka sayar yau, kuɗin manya bai daina shiga ba."

Ya amsa, "Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

Na ce, "Ka kira ni Mai Hange."

Ya ce, "Mai hangen kasuwa ko mai hangen aljihun mutane? Ni ba Alhaji ba ne, ko Kaduna sai da dalili nake zuwa."

Na yi dariya har na riƙe ciki. A duk zamanmu bai taɓa ba ni dariya haka ba. Na ce masa ban nemi sisinsa ba, ya jira ya gani. Allah da ikonsa farashi ya hau. Na sake faɗa masa wani, ya sake dacewa. Akwai lokutan da na kuskure, amma kaɗan yake sakawa, kuma daidai ɗin ya fi yawa. Daga nan na zama Oga. "Oga, ya ka ga kasuwa?" "Oga, manya sun tashi daga barci kuwa?" Ya nemi ya kira ni a waya na ce aikina ba ya barin amsa kira, ya ce in yi masa saƙon murya na ce ni mutum ne mai son sirri. Ya yarda. Ranar da ya fara cire 'yar riba ya shigo mini da tsire da atamfa, ya ajiye a gabana ya ce, "Ga shi," ya fita. Yana isa gindin darbejiyar ƙofar gida ya rubuta wa Oga dogon saƙo yana ba da labarin yadda Amarya ta yi murna, yadda idonta ya yi. Ina ɗaki ina karantawa, bango kawai ke tsakaninmu.

Wannan shi ne abin da ya hana ni dainawa, ba kasuwar ba. A hankali hirarmu ta bar farashi ta koma rayuwa. Wata rana ya rubuto, "Oga, kana da iyali?" Na ce ina da. Ya ce, "To kai me kake ce wa taka? Tawa mai karatun littattafai ce. Na san akwai maganar da take jira in faɗa mata, wallahi tana nan a raina, amma in na buɗe baki sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu. Jiya ta yi kitso, na gani tun daga zaure, na so in ce ya yi kyau, sai na ji bakina ya ce ina makullin babur." Anti, na karanta saƙon nan na kifa kaina a kan gado na yi kuka, kukan daɗi. Ashe ya ga kitson. Ashe duk abin da nake yi yana gani. Ya ba Oga labarin ranar da ya fara ganina a bikin wata 'yar uwarsa a Paki, har kalar mayafina ya faɗa. Ya ce tsoronsa kullum kada in gane cewa na fi ƙarfinsa. Ni! Na taɓa rubuta masa magana guda irin ta littafi na ce ya je ya faɗa wa matarsa. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya ya ce, "Amarya, wato, ke ce fitilar..." sai ya ɗaga kai ya kalli ƙwan lantarki ya ce, "An kawo wuta kuwa yau?" Ya juya ya fita da sauri har yana tuntuɓe da buta. Na cusa fuskata a filo don kada ya ji dariyata. Ku gaya mini, wace mace ce za ta samu ƙofa irin wannan zuwa zuciyar mijinta ta rufe da hannunta? Na san ƙarya ce. Na san leƙen asiri ne. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, gobe ta yi in ce bari in ƙara jin kaɗan.

Ana cikin haka ya gaya wa Oga burinsa. Ya ce in Allah ya sa ya samu riba mai kauri, zai gina wa Amarya ɗaki da falo nata na kanta, sannan ya ɗauke ta su tafi Kaduna su biyu kawai, su sauka a masauki mai kyau, a kawo musu abinci su ci a faranti ɗaya, don tun da aka kawo ta bai taɓa kai ta ko'ina ba sai asibiti da gidan gaisuwa. Daga ranar na daina karanta kasuwa da hankalina. Na koma ina neman ranar da zan ce masa ga ta nan. Na riga na zaɓi kayan da zan sa a motar, na riga na ga kaina a gefensa ana wuce Zariya.

Ranar ta zo, ko in ce na ɗauka ta zo. Na buɗe shafin da nake dubawa na ga ana ta shela, koyin, wato kuɗin kirifton kansa, mai yawan gaske yana fitowa daga rumbunan manya yana shiga kasuwar da ake saye da sayarwa. Kalmar shiga kawai idona ya kama. A Turancin kalma ɗaya ce suke amfani da ita, ko kuɗi ne ya shiga asusun saye, ko kaya ne ya shiga kasuwa, ni kuma duk watannin nan na farkon nake bi, ban taɓa tsayawa na bambance su ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne Babana. Dillalin hatsi ne a kasuwar Ikara, ina yarinya ina kai masa abinci ranar kasuwa. Duk ranar da aka hango tireloli sun jeru a bakin kasuwa, sai ka ga dillalai suna gyara hula, Baba ya ce, "Manya sun shigo, yau kowa ya riƙe buhunsa, kafin la'asar sai ya ƙara kuɗi." Haka na tashi na sani, haka duk ɗan ƙasarmu ya sani, manya in sun shigo kasuwa saye suka zo yi. Ban tsaya na tuna cewa tirelolin Baba wayam suke shigowa ba. Waɗannan kuwa da lodi suka shigo. Wanda ya kwaso kaya daga rumbu ya kawo kasuwa, ai sayarwa ya zo yi.

Na rubuta masa, "Alhaji, manyan motoci sun shigo kasuwa. Irin wanda ban taɓa gani ba. Duk abin da kake da shi ka saka."

Ya ce, "Oga, ba ni da wani abu a hannu. Masarar da na ajiye lokacin sayar da ita bai yi ba. Fadama kuma ta gado ce."

Na ce, "Ba sayarwa za ka yi ba, jingina ce, kafin a fara saran rake ka karɓi abarka. Ka tuna ɗakin Amarya."

Sannan ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Kamar yadda na tabbata da sunana."

Ban tsaya nan ba. Akwai wani irin ciniki a harkar da ake ninka maka abin da ka saka, in farashi ya hau ribarka ta ninku, in kuwa ya sauka ko ba da yawa ba sai a share komai. Ni da kaina na sha hana shi taɓa wannan. Ranar ni na ce ya shiga. Ina tsaye a tsakar gida aka zo da mota aka kwashe buhunan masara, har ruwa na miƙa wa masu ɗauka. Na ce masa, "Yaya, ina za a kai masarar?" kamar ban sani ba. Ya kalle ni yana ɓoye murmushi ya ce, "Harkar maza ce, Amarya. Ke dai ki fara tunanin atamfar da za ki ɗaura." Ya hau babur ya tafi Maƙarfi wurin mutumin da zai karɓi jinginar.

Washegari ina wanki na saci jiki na duba wayar. Ja. Na ce girgiza ce. Ya rubuto daga gona, "Oga, yana sauka." Na ce, "Ka riƙe, tsoratar da ƙanana suke yi." Na koma na ɗauraye kaya biyu na dawo, ya ƙara sauka. "Oga, in fita?" Na ce kada ya fita. Na shiga karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin shelar jiya, a nan na ga kowa ya gane tun jiya, kowa yana cewa manya za su zubar da kaya a gudu, ni kaɗai na karanta ta a juye. Kafin in koma in ce masa ya fita, saƙonninsa sun jeru. "Oga?" "Oga ka yi magana don Allah." "Oga sun share ni." Na tsaya da kumfar sabulu a hannuna ina kallon rubutun. Me zan ce? Na kashe wayar. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin nan, a lokacin da ya fi bukatar ko da kalmar haƙuri ce, na kashe waya na bar shi shi kaɗai a tsakiyar gona.

Bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina a ƙasa, ko tabarma bai jira ba. Na kawo ruwa bai sha ba. Sai ya fara magana, ni da shi, baki da baki, maganar da ta fi kowace tsawo tun da aka ɗaura mana aure. Ya faɗa mini komai, guruf ɗin, da Mai Hange, da masara, da fadama. Ina zaune ina jin labarina daga bakinsa. Ya ce, "Da lodi suka shigo, Amarya, kowa ya sani. Mutumin da ya san kasuwa kamar shi ba zai kasa sani ba. Yaron manyan ne, aikinsa ya tara irina a yanka. Ya yi ta ba ni 'yar ƙaramar riba yana kiwona." Na ce, "Yaya, ko kuskure ya yi?" Ya girgiza kai ya ce, "Mai kuskure ba ya kashe waya." Sannan ya rufe fuskarsa da hularsa, kafaɗunsa suna rawa, ya ce, "Ba fadamar ce ta fi ci mini rai ba. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Har maganarki na yi da shi. Na buɗe wa ɓarawo cikina yana can yana yi mini dariya." Bakina ya buɗe zan ce ba dariya yake yi ba, kuka yake yi don daɗi, sai na tashi na ɗauke ruwan da bai sha ba.

Yanzu mijina ƙwadago yake yi. Da aka fara saran rake, a fadamar mahaifinsa ya nemi aiki wurin wanda ya karɓi jinginar, yana sara yana ɗaurewa ana biyansa kamar kowane lebura. Yana dawowa hannuwansa duk ganyen rake ya tsattsage su, in dafa ruwa in gasa masa. Inna, mahaifiyarsa, asarar kasuwa kawai aka ce mata, amma tun ranar ba ta ƙara bi ta hanyar fadamar ba, ko gidan suna za ta sai ta zagaya. Abin da zai ba ku mamaki, wanda ni yake kashe ni a tsaye, shi ne tun da abin ya faru bakinsa ya buɗe a gare ni. Ya daina riƙe waya. Yana zama kusa da ni ina tankaɗe yana ba ni labarin gona, yana tsokanata. Ran nan ina gasa masa hannu ya ce, "Amarya, kitson nan ya yi miki kyau," tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ba. Ya ce, "Duk duniya ke kaɗai kika rage mini da ban taɓa kamawa da ƙarya ba." Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, ga shi an ba ni, kuma duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar ana zuba mini garwashi a ƙirji.

Sannan ga addu'ar. Duk sallar da ya yi a gida, in ya sallame sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Mai Hange. Ban yafe ba duniya da lahira. Allah ka hana shi kwanciyar hankali kamar yadda ya hana ni." Sai ya waiwayo ya ce, "Amarya, ki ce amin, addu'arki ta fi tawa tsarki." Na ce amin. Jama'a, na ce amin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kuma addu'ar ta kama, don rabona da barci mai daɗi tun ranar wankin nan. Ga shi ina ɗauke da ciki, na fari bayan dogon jira, ya tsufa. Kowace mace ta san abin da ake nufi da durƙusawa haihuwa. Yaya zan durƙusa da Allah ya isan mijina a kaina, wadda ni da bakina na sa mata amin? In na tafi a wurin fa, me zan tarar?

Shi ya sa na fara lallaɓa shi. Na ce, "Yaya, ka yafe wa mutumin nan, ko don abin da ke cikina. Ba na so ɗanmu ya zo ya tarar ana Allah ya isa a gidan." Da farko ya ce in bar maganar. Na sake, na sake, har da kuka. Ya ce, "Ke zuciyarki ta cika kyau, shi ya sa." Daga baya na lura ya daina addu'ar, amma bai ce ya yafe ba. Na ɗauka a haka za a tafi, har na fara samun sauƙi.

Shekaranjiya da hantsi, ya tafi fadama, wani abu ya ce in kunna tsohuwar wayar. Saƙo ɗaya sabo ne a ƙarƙashin tsofaffin. Ga abin da ya rubuta:

"Salamu alaikum. Ban san ko kana duba wannan layin ba. Matata ta roƙe ni in yafe maka, kuma ba ta taɓa roƙona komai ba. Ba na neman ko kwabo a wurinka. Zan yafe, amma ba a yafe wa lamba. Ka faɗa mini sunanka na gaskiya, in ambace shi a kan sallaya in sauke abin nan daga wuyanka da nawa kafin ta haihu. Abu ɗaya kuma nake roƙo, maganganun da na yi maka a kanta, ka bar su a cikinka."

Na karanta, kuma wayar ta nuna masa an karanta. Da ya dawo ya ce mini, "Amarya, ya gani. Yanzu sai mu jira mu ga ko yana da sauran tsoron Allah." Jiya sau da yawa ina ganinsa yana ciro waya daga aljihu yana dubawa yana mayarwa.

In na rubuta masa sunan ƙarya, zai ambace shi ya yafe, hankalinsa ya kwanta, aurena ya tsira, amma yafiyar da aka yi wa mutumin da babu shi tana isowa kaina kuwa? In na yi shiru, zai ce ɓarawon ya raina shi, ya koma addu'arsa, ya ce in ce amin. In kuma na rubuta sunana, na san zai cika alkawari, mutum ne mai magana ɗaya, zai yafe. Amma bakin nan da ya buɗe mini da ƙyar zai rufe, kuma na san wannan karon ba zai sake buɗewa ba, ko da ya bar ni a ɗakina har mutuwa. Ba saki nake tsoro ba, wallahi, shirunsa nake tsoro.

Malamai da iyaye mata da ke wannan shafi, da maza masu irin halinsa, ku taimake ni don Allah, lokacin haihuwata ya matso, shi kuma yana jiran suna. Wane suna zan ba shi? Ni yanzu me zan yi?